Tsugune Ba Ta Ƙare Ba

Shekara goma sha bakwai babana ya yi a tsugune,
bayan mai gora, gaban alƙalin wasa,
takunkumin ƙarfe a fuska, sulke a ƙirji,
a filin besbol na Davenport, bakin kogin Mississippi.

Harlan Petrak. Lamba ashirin da biyu.
Ba shi jama'a ke zuwa kallo ba.
Mai jifa ake tafa wa, mai gora ake yi wa kirari;
shi nasa cafewa,
da magana da yatsu a tsakanin cinyoyi:
ɗaya, turo ta da gudu; biyu, lanƙwaso ta.

Yatsun nan na ƙirga ina 'yar shekara shida.
Uku sun karye sun haɗe a karkace,
babban ya ƙi tanƙwaruwa,
sai mama ke sa masa maɓallin wuya ranar Lahadi.

Sau ɗaya aka kira shi babbar gasa.
Kwana goma sha tara a Chicago,
ya ɗauki gora sau takwas, ya dace sau ɗaya.
Ƙwallon tana nan cikin kofin shayi a kan firij.

Da gwiwa ta ce ta gaji,
suka miƙa masa bokitin ƙwallaye, wai ya zama koci.
Mun ɗauka zai miƙe.
Ina! An sayar da kare an sayi biri.
Kullum da hantsi yana tsugune gefen wani yaro,
ɗan Santo Domingo ko na ƙauyen Nebraska:
"Kar ka kai mata cafka. Jira ta. Za ta zo."

Sai manaja.
Bas ɗin dare, awa goma sha biyu,
sunaye tara a takarda cikin aljihun baya.
Ya rufe ƙofar ofis,
ya gaya wa ɗan shekara ashirin da huɗu tafiya ta ƙare.
Irin wannan rana ba ya taɓa abincin dare.
Shi ma sau biyu aka sallame shi,
ɗaya ta waya, cokali na hannunsa.

Yanzu gwiwoyin na ƙarfe ne, likita ya yi hani.
Jiya na leƙa ta taga:
jikarsa Odessa ta ja baya taku goma a kan ciyawa,
ƙwallo a hannu,
shi kuma ya dafa shinge,
a hankali, a hankali,
yana sauka.

Ya buɗe tafin hagu.
Ya nuna mata yatsa ɗaya, karkatacce.