Dillalin Da Ba Ya Cin La'ada

Ƙarfe tara, Tudun Hatsi ta yi tsit,
sai ƙaiƙayi a bakin ƙofa da warin buhu.
Ni da kwamfuta a ɗakin sikeli,
fanka na juyi kamar an yi mata dole.
Tirela ta ƙarshe ta kama hanyar Bauchi,
ni ko aikina yanzu yake somawa.

A baki ba shi da wuya:
sikeli ya auna ya faɗi nauyi,
matakin da nake ɗaurawa ya naɗe shi saƙo
ya miƙa wa dillali.
Dillalin nan ba hula, ba goro a kunci,
yana cikin wata na'ura can Jekadafari.
Mai biya ya zo ya ɗauki nasa,
mai lissafin rumbu ya ɗauki nasa,
ba wanda ya san wani, shi ke rabawa.

Na buɗe shafin saiti.
Adireshi, na sa. Lambar ƙofa, biyar shida bakwai biyu.
Sunan layi: masara, da ƙananan baƙaƙe,
don ran Talata na sa babban harafi a farko,
saƙo ɗari biyu suka bi inda ba kowa.
Ba jan rubutu, ba ƙorafi,
kamar ka jefa tsakuwa a rijiya
ka kasa kunne, ba ka ji faɗuwa.

Can ƙasa, wani ɗan gurbi yana tambaya:
a jira shaida, ko a aika a wuce?
Nan na ga babana, Bappayo dillalin wake,
shekara talatin ƙarƙashin rumfa guda,
bai taɓa cewa an sallama ba
sai ya ji tafin mai saye cikin nasa.
"Dijatu, kayan da ba ki ji sun sauka ba,
har yanzu a kanki suke."
Na latsa a jira. Ban yi shawara da kowa.

To ashe jiran ma da nasa ramin.
Jiya sabis ya yi ƙasa da la'asar,
shaida ta taso ta maƙale a hanya,
matakina ya zaci saƙo ya ɓata,
ya sake aikawa, bawan Allah.
Buhu arba'in na Lamela 'yar Billiri
suka wayi gari tamanin.
Da ƙafarta ta zo, rasit a hannu:
"Arba'in na noma. Ku cire mini sauran,
ba na son kuɗin da zai hana ni kwanciya."
Kunya ta rufe ni, na rasa ta cewa.

Shi ya sa yau kowane saƙo da lambarsa,
kamar fentin da ake shafa wa buhu a gona.
In ya zo sau biyu, a gane fuska,
a ce sannu, ai ka riga ka shiga.
A gwada sau uku, da numfashi a tsakani.
Wanda ya ƙi karɓuwa kar a zubar,
a kai shi layin marasa mai, da safe in duba.
A rubuta komai a faifai kuma,
don wutar garin nan ba ta sallama in za ta ɗaukewa.

Saura gwaji, ga rumbu a kulle.
Malam Kwairanga mai gadi ya ce makulli na gun manaja.
Na cire takalmi na hau sikeli.
Hamsin da takwas.
Na diro da gudu na duba allo:
ya tafi. Daƙiƙa ɗaya, biyu,
sai ga shaida, kore shar, an karɓa.

Mai gadi na dariya har da riƙe tocila a ciki.
"Maza goge, 'yar Bappayo,
kafin gobe a biya wani kuɗinki a farashin masara,
ga shi kuma bana ba ta tashi a kasuwa."