Jan Kan Goggo Lantana

Ran Asabar take jiƙa lalle
a wani tsohon kwanon sha mai lanƙwasasshen baki.
Ruwan zoɓo da ya kwana, ludayi biyu,
lemun tsami rabi.
"Guda ƙona gashi yake, rabi ya isa."
Ni ce mai riƙe madubi.

Shekara goma sha tara ta yi a masaƙar Kakuri,
ɓangaren rini, inda tururi ke rufe fitila,
tana fita da asuba kafin jiniya ta yi kuka,
ta dawo da farce shuɗi yau, gobe kore.
Ran da aka sa wa ƙofa kwaɗo
ko kuɗin sallama ba ta gani ba.
Damina ɗaya kanta ya yi fari fat.
Ta dubi madubi, ta ce,
"To, ga farin yadi. Sai rini."

Ita ta gaya mini ja baƙo ne,
cikin launuka shi ke fara ɗaure kaya.
Baƙi ya zauna ko an kore shi,
ja kuwa ka watsa masa ruwan zafi
ka ga ƙeyarsa a bakin rariya.
Shi ya sa ba ta wanke kai sai da ruwan randa,
na sama in ta samu,
don na rijiyar gidanmu kanwa gare shi.
Sabulu kaɗan, kamar mai ba da bashi.

Rana ma ɓarauniya ce, in ji ta.
In za ta Kasuwar Barci sai ta ninka ɗankwali,
bayan ta murza man kaɗanya a tafi
har ya narke, ya bi tsaga tsaga.
Ba wanda ke ganin jan nan a titi.
Na ce, "To wa kike yi wa, Goggo?"
Ta ce, "Wa kike ci wa abinci?"

Ni da rawar kaina, ana jibi bikin Murja,
na je shago a Barnawa,
aka zuba mini na kwalba mai warin da ke sa hawaye.
Na fito kamar garwashi.
Mako biyu, ya koma kalar kogin Kaduna in ya cika,
yana karyewa a matsefi kamar tsintsiyar bara.
Na shigo ina ɓoye kai.
Ta yi dariya har da tari,
sannan ta ja ni tsakanin gwiwoyinta,
ta datse bakin da ya mutu,
ta shafe saura da mai, ta yi mini kalaba.
"Ki ba shi wata uku. Ba a rina yadin da ke yagewa."

Yanzu hannunta rawa yake.
Ni ke kwaɓawa, ita ke riƙe madubi,
yana kaɗawa, fuskarta na zuwa tana komawa.
Makon jiya na yi sauri, na matse lemu guda.
Ba ta duba ba, hanci kawai ta ɗaga:
"Zubar. Sake."
Na sake.

Na raba gashin, ga furfura a gindi,
faɗin ɗan yatsa, bayan mako uku kacal.
Na ce, "Goggo, abin nan ba ya ƙarewa."
Ta ce, "Allah ya sa kar ya ƙare.
Ta can ciyawa ta cinye ta, har jemagu sun tare.
Wannan kuwa ba ta taɓa fashin aiki ba,
kullum sai ta fitar da sabon yadi.
Shafa, kafin ya bushe a kwano."