Ta Fadama Suka Shigo

Ƙarfe biyun dare a Bradford, ruwa na dukan taga.
Ni ce mai gadin barcin tsofaffi a gidan nan,
amma ɗaki na tara ba ya barci.
Yazef Hurinovic ya ture bargo ya ce,
"Saude, kawo gishiri."

Na kawo. Ya ja layi da shi a kan tebur.
"Wannan kogi ne. Cokalin nan mu ne.
Kofin shayi kuwa Jamus, ya yi kane-kane a kudu,
inda ƙasa ke da tauri, inda mai hankali zai biyo."
Ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe tari,
na riƙe masa kafaɗa har ta lafa.

"Abin da idonsu ke so, shi muka ba shi.
Can kudu muka jera tankokin katako,
muka hura wuta, muka cika iska da surutun waya.
Nan arewa ko ashana ba a ƙyastawa.
Tafiyar dare, fitila a kashe,
da asuba a bi sawun mota da reshe a share.
Wata guda cur ban ji muryata da ƙarfi ba."

Na ce, "A garinmu cewa ake yi,
ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa."
Ya sa na maimaita sau biyu. Ya gyaɗa kai.

"Fadama ce, yarinya, wadda ko saniya ba ta shiga,
a taswirarsu an shafe ta da shuɗi, an manta.
Muka sare daji, muka shimfiɗa gungume bisa gungume,
muka saƙa takalman rassa masu faɗin faifai,
mutum ya taka laka, laka ta haƙura.
A kan wannan hanyar ƙarfe ya bi.
Kafin nan 'yan sari-ka-noƙe sun yanke dogo,
jirgin ƙasarsu ya tsaya da harsashi a ciki
kamar jaki a bakin gada.
Motocin Amurka na biye da mu da naman gwangwani.
Kada ki raina gwangwani. Ciki ke ɗaukar ƙafa."

Ya ɗora yatsa a kan kofin, bai motsa shi ba.
"Su ma ba ragwaye ba ne, ki rubuta wannan.
Daga nesa aka aiko musu: kada wanda ya ja da baya.
Suka zauna a birane kamar kifi a tafkin rani,
muka wuce su ta dama, muka wuce su ta hagu,
muka ɗaure bakin buhu."

Na ce, "To cikin duka, wanne ne dalilin?"

Shiru. Agogon bango ya ci minti guda.

"Sai da aka nemi wanda ya san fadamar.
Ni na tashi ina yankan ciyawa a cikinta.
Ni na shige gaba da sanda, shekarata sha tara,
na bi da su ta bayan ƙauyenmu.
Ban ga ƙauye ba. Murhu na gani a tsaitsaye,
ashirin da uku, na ƙirga, babu rufi, babu kare.
Nasara ta bi ta kan gidanmu da gudu,
ba ta ko tsaya ta yi gaisuwa ba."

Yadda ya iso masaƙar ulu ta garin nan,
ya ce wannan labarin wani dare ne.
Na gyara masa matashi, na rage fitila,
na mayar da cokali, na ɗauke Jamus zuwa wanki.

Kogin ne ya rage.
Na share shi cikin tafin hannuna,
na tsaya a baranda, ƙararrawar ɗaki na huɗu tana kira,
ban san inda zan zuba shi ba.