Takardar Jini

Dare shida ban runtsa ba.
Na ɗinka jakar fata arba'in a rumfata ta Birni,
ba wanda ya sa ni, ba wanda ya ba da kafin alƙalami.
Na yi wa Kasuwar Dole alkawarin sabon rufi,
na miƙa wa ɗan kabu-kabu jika goma, na ce riƙe canjin.
Duwatsun bayan gidanmu ma
gani nake da kafaɗa zan gusar da su.

Sai abin ya sake ni.
Wata biyu basilla na kwance har ta yi tsatsa.
Barira ta ajiye fura, ta dawo ta ɗauke fura.
Buta tana nan kusa da tabarma,
amma nisanta ya fi Tanut.

A babban asibiti likita Zabeiru ya buɗe takardar jinina,
ya dangwala biro kan wata lamba.
Ya ce, Mutari, jiki yana da masu gadi,
masu gadi suna da ƴan aike.
In ƙwayar cuta ta shigo, su ke rugawa da shela:
a tashi, a hura zazzaɓi, a hana cin abinci, a kwanta.
A wasu masu ciwo irin naka
ana samun shelar ta yi ƙarfi ko ba ɓarawo a gari,
kuma ƙwaƙwalwa tana jin ta.

Na ce, to su ne suka haukata ni?

Ya girgiza kai.
Ya ce ba mu sani ba tukuna
ko ihun ne ya tayar da gobara,
ko gobarar ce ta jawo ihun.
Akwai gado, akwai rashin barci, akwai abin da ba mu gano ba.
Ka dai sha maganinka. Ka kwanta da wuri.

Na tuna haƙorin da ya kumbura mini kunci
sati ɗaya kafin daren nan shida.
Na faɗa masa. Ya rubuta, bai ce komai ba.

Goggo Tsahara har yau iskoki take cewa.
Ban musa mata ba, tsohuwa ce,
kuma ita ta biya kuɗin awon.

Yanzu in isha'i ta wuce ina rufe rumfa
ko da ɗinki ya rage.
In kwanta, in ɗora hannu a ƙirji,
in ce wa ƴan aiken nan:
na ji, sannunku da aiki,
ba kowa a ƙofa.

Jakunkunan nan arba'in, saura goma sha bakwai.
Masu saye na yaba ɗinkin.