Tautau a Ɗaki na Huɗu

Dogon hutu, shekarar da na cika sha ɗaya,
aka loda mu a bayan a-kori-kura
daga Runjin Sambo sai Bodinga,
mu talatin, kowa da ƙyallen wuya da usur,
da tabarma a naɗe, da kofin silba mai suna a gindi.
Inna ta cusa mini ƙuli-ƙuli a ƙasan jaka,
ta ce ban da rafi, ban da faɗa.
Ba ta ce komai ba a kan mai ƙafa takwas.

Makarantar kwana ce, masu ita sun tafi gida,
sun bar mana gadajen ƙarfe masu kuka
da sunayensu a bango, rubutun gawayi.
Damina ta kai tsakiya,
gero ya fi Malam Cika tsawo.
Da rana mu ne mazaje:
ɗaurin igiya kala bakwai,
hura wuta da tsinken ashana ɗaya,
garau-garau da ya ƙone a ƙasa, sama ɗanye,
muka cinye, muka lashe murfin tukunya.
Ni na zo na ɗaya a tseren buhu,
har ina tafiya da kafaɗa.

Dare na uku ruwa ya sauko.
Fitilar ƙwai na lumshe ido a kan taga.
Na juya ga bango,
sai ga shi, taki ɗaya daga hancina,
shimfiɗe kamar tafin hannun babban mutum,
bai motsa ba, ban motsa ba.
Na tuna tabon da ke wuyan yayata Ige,
wanda ta ce sawun tautau ne,
na tuna ni ma ina da wuya.

Ban san na yi ihu ba
sai da na ji shi ya dawo daga rufin kwano.

Modi, ɗan Dange, ya taso yana sosa ciki:
"Wanga ɗan abu ka sa ka kuka?"
Kafin ya rufe baki Attahiru ya saki silifas.
Bai same shi sosai ba.
Wani farin ƙunshi da ke ƙarƙashin cikinsa ya fashe,
bango ya cika da 'ya'ya
kamar an zubar da mudun riɗi,
kowane ƙwaya da ƙafafunta, kowace da inda ta nufa.
Ɗakin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa a bokiti.
Modi ya ce, a hankali:
"Ashe goyo gare ta."

A baranda na kwana, a zaune,
na ba sauro jinina da hannu biyu.
Da asuba aka raɗa mini Angon Tautau,
sunan ya bi ni har aji shida na sakandare,
har yau akwai mai kira na da shi a Tsohuwar Kasuwa,
ya ba ni ragi a kan albasa.

Na manta ɗauri shida cikin bakwai.
Usur ya ɓata, kofin silba ya zama na alwalar Inna.
Modi ban sake ganin sa ba,
an ce yana jan tirela tsakanin Illela da kudu.

Jiya da dare, a Mabera,
Kuluwa ta ƙwala kira daga banɗaki,
irin kiran da na sani tun daga rufin kwano.
Na shiga da kofi da guntun kwali,
ina cewa ba komai, ba komai,
gwiwata tana faɗin wata magana daban.
Ta ce, Baba, kashe shi mana.
Na ce riƙe mini tocila tukuna,
na durƙusa, ina leƙen ƙarƙashin cikinta.