Gyare a Kunnen Mai Niƙa

Shekara ashirin da shida ina tsaye gaban inji
a bayan Kasuwar Dole.
Hatsi ya shiga da kuka, ya fito gari.
Ban san ni ma ana niƙa ni ba.

Tsahara ce ta fara ganewa.
Ta ce, "Ilu, sau uku ina yi maka sallama."
Na ce iska ce ta kwashe.
Kiran assalatu daga Birni,
wanda ke tashina tun ina ɗan tsako,
ya koma kamar mai magana cikin tulu,
daga baya ya daina zuwa.
Sai gyare ya tare a kunnena na hagu.
Ba ya biyan haya, ba ya barci,
ba ya zuwa ganin gida ko da salla.

Ran wata Talata suka zo, su uku.
Likita Fassuma ce a gaba, da takarda mai gida-gida.
Ta ce bincike suke yi:
masu niƙa, maƙera, masu walda,
suna ƙirga abin da ƙara ta ci a Damagaram.
Na ce, "Ashe ƙara ma tana da ciki?"
Ta karanta mini, na yarda, na dangwala yatsa.
Na zama lamba arba'in da bakwai.

A asibiti akwai wani ɗan ɗaki,
bangonsa sanye da soso kamar mai jin sanyi.
Ta kifa mini ƙoƙuna biyu a kunne.
"In ka ji ƙara, ɗaga hannu."
Na ɗaga.
Na sauke, na sake ɗagawa.
Ta leƙo ta gilashi tana danne dariya:
"Baba, ban kunna ba tukuna."
Gyarena nake amsa wa.

Ta nuna mini layin da na'ura ta zana.
Yana tafiya tiryan-tiryan,
sai ya rufta
kamar jakin da ya taka bakin tsohuwar rijiya.
"Nan muryar yara take," in ji ta,
"da kukan tsuntsaye, da wutsiyar kalmomi."
Shi ya sa jikata ke cewa na cika amsa abin da ba a tambaya ba.

Ta ce can ciki akwai abu kamar katantanwa,
cikinta gashi ƙanana jere kamar gero sabon tsiro.
Inji garken shanu ne.
Kullum ya bi ta gonar.
Abin da ya kwanta ba ya tashi.

"Ko da damina?"
"Ko da damina. Amma na kaza yana tsirowa,
na kifi ma haka.
Masana na ta bin sawun dalili
ko wata rana a koya wa kunnen mutum."
Na ce, "Yau kaza ta fi ni."
"Yaushe?" na tambaya.
Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce, "Ban sani ba."

Na ce to me lambata za ta saya?
Ta juya ta dubi Lawali,
yaron da ke zuba mini hatsi a bakin inji,
shekararsa sha huɗu,
yana jin faɗuwar dala cikin yashi.
Ta damƙa masa toshe biyu masu launin lemo.
Ya ce abokai za su yi masa dariya.
Na ce, "Sa su, ɗan nan.
Gara ka ji dariyar."

Yanzu Tsahara na zama ta damana.
Na koyi karatun leɓɓanta bayan shekara talatin da aure,
ashe akwai ɗan tabo a na ƙasa.
Da magariba kaza ta bi ta gabana tana yanga,
na watsa mata tsaba,
na ce, "Ci, malama.
In sun zo tambaya, kar ki ɓoye musu komai."