Ƙas

A Kajaani sau biyu a shekara nake durƙusa wa mota:
in ƙanƙara ta gabato, in kuma ta narke.
Taya huɗu su fita, huɗu su shiga.
Noti ashirin. Iyakar makanikancina ke nan.

Babana Veikko da dantse yake awo.
Ya ja, ya yi nishi, ya ce ya isa.
Na gaji motar, ban gaji dantsen ba.
Bara na hau kan sifana da ƙafa
har ƙusar taya ta karye kamar alli.

Yau ga ni a kanti, safar hannu a haƙori,
sifana uku masu awo a gabana.
Ɗaya mai batir, tana kuka kamar ɗan tsako,
kuɗinta itacen rabin hunturu,
kuma sanyin gareji zai kashe ta kafin Afrilu.
Ɗaya mai allura, sai an zura mata ido,
ni kuwa a duhun Oktoba nake aiki, tabarau duk hazo.

Ta ukun ba ta da ado.
Eetu, yaron kantin, ya murɗa gindinta zuwa ɗari da goma.
"Ki ja a hankali. In ta ce ƙas, ki tsaya.
In kin gama ki sassauta ta, ita ma ta huta."

Da yamma, gwiwa a kan kwali,
na ja,
na ja,
ƙas.

Hannuna na neman ƙari, halinsa ne.
Na hana shi.
Saura sha tara.